Soja, Jaridu Da Masu Sharhi: Zancen Wa Mutumin Karfi Zai Kama?

Ran Talata 19 ga watan Agusta, 2025, da asuba, 'yan bindiga suka auka wa wani masallaci a Unguwar Mantau da ke yankin Karfi, cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi, suka buɗe wa masallata wuta. Kafin rana ta faɗi labarin ya gama ƙasa, har ya ƙetara teku. Sanarwar farko da ta fito daga ofishin Kwamishinan Tsaron Cikin Gida na Jihar Katsina, Dokta Nasiru Mu'azu, ta ce mutum 13 aka kashe, ta kuma ce harin na ramuwar gayya ne saboda kwanton ɓaunar da mutanen wurin suka yi wa ɓarayin 'yan kwanaki kafin nan. Ba a jima ba wakilin Malumfashi a Majalisar Dokokin Jiha, Malam Aminu Ibrahim, ya miƙe a zauren majalisa ya ce mutum 50 ne suka rasu, 30 a masallaci, 20 kuma an ƙone su a gidajensu. Daga baya ita ma gwamnatin jiha ta ɗaga nata adadin ya haura 30.

Tun ba a tashi daga zaman makoki ba sai gardamar nan da aka saba ji duk sa'ad da irin wannan musiba ta auku ta sake tasowa a gidajen rediyo, da shafunan jaridu, da Facebook. Ita wannan gardama takan bar mamatan ta koma kan masu ba da labarinsu. Wani rukuni na masu sharhi yakan ce jaridu sun cika zuzuta ɓarna, suna karya wa soja gwiwa, suna yi wa 'yan bindiga talla a kyauta, idonsu ba ya ganin nasara sai asara. Ɗaya rukunin kuwa yakan ce jaridu sun zama 'yan amshin shatan hukuma, abin da kakakin soja ya karanto shi suke bugawa, ainihin abin da ke faruwa a ƙauyuka kuma an danne shi. Kowane ɓangare yana da masu iya baki, kowane yana rantsuwa da kishin ƙasa. To, mai sauraro da ba shi da jam'iyya sai gonarsa da iyalinsa, da wane mudu zai auna waɗannan maganganu?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tambaya ta zaman hira ce. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, watan Agusta tsakiyar damina ne, masara da dawa sun rufe mutum a tsaye, kuma da labarin da magidanci ya ji daren jiya yake yanke shawarar ko zai tafi gona mai nisa, ko zai kwashe iyali zuwa cikin gari, ko zai mai da yaronsa makarantar kwana. In an rage masa labari ya saki jiki, to ransa ne a kan faifai. In kuma an yi masa ƙari ya gudu ya bar amfanin gona, yunwa tana jiransa a bazara. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi, a teburinsu ake tsara sanarwar da ake gardama a kanta; ɗalibai kuwa gobe su ne a kan teburin.

Ba mu rasa mudu a gida ba. Aya ta shida ta Suratul Hujurati ta yi umurni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, malamanmu na hadisi kuwa sun mai da wannan umurni ilmi mai zaman kansa. Ba sa fara duban daɗin magana. Sukan fara tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun taɓa haɗuwa, shin an taɓa kama shi da ƙarya ko da yawan mantuwa. In muka ɗora wannan a kan labarin Unguwar Mantau, za mu ga cewa 13 ɗin farko an faɗe shi ne cikin sa'o'i kaɗan da aukuwar abin, lokacin da waɗansu ke kwance a asibiti, waɗansu sun fantsama cikin gonaki ba a san inda suke ba. Adadin farko a kowane irin tashin hankali gurgu ne. Mai sharhin da ya yi wuf ya kira shi ƙarya da gangan, sai ya nuna mana cewa hukuma ta san na gaskiyar ta ɓoye. Wanda kuma ya kira 50 ɗin ɗan majalisa sharrin siyasa, sai ya gaya mana wane ne cikin mamatan yake da rai. Duk wanda bai yi ko ɗaya ba, ya kawo mana ra'ayinsa ne kawai, amma ya sa masa rigar labari.

Mutanen wannan yanki sun taɓa shan darasi a kan adadi, kuma a maƙwabtansu aka ba da shi. Ran 11 ga Disamba, 2020, da dare, aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, a daidai lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ke ziyara a Daura. Gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya ce yara 333 ne ba a gani ba. Mai magana da yawun Shugaban Ƙasa, Malam Garba Shehu, ya ce yara 10 ne kawai a hannun ɓarayin. Ran 17 ga wata aka sako yara 344. Malam Garba Shehu ya fito ya nemi gafara a kan adadin da ya bayar, wannan kuwa abin a rubuta masa ne, domin ba kowa ke yi ba. Amma cikin kwanakin nan shida an sami masu sharhi da suka riƙe 10 ɗin kamar wahayi, suna zargin masu cewa ɗaruruwa ne da neman ɓata sunan gwamnati. Yara nawa suka fito daga motoci a Katsina, kowa ya gani. Masu sharhi nawa suka dawo suka ce sun yi kuskure, wannan mai karatu ya tambayi kunnensa. Har a kan yadda aka kuɓutar da yaran an sami baki biyu: Hedkwatar Tsaro ta ce aikin soja ne, Gwamna Masari ya ce an yi sasantawa ta hannun ƙungiyar Miyetti Allah.

Haka ta faru a Chibok cikin watan Afrilu na 2014, sa'ad da kakakin Hedkwatar Tsaro, Manjo-Janar Chris Olukolade, ya ce an kuɓutar da 'yammatan in ban da 8, shugabar makarantar da iyaye suka musanta, hedkwatar ta janye maganarta. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bayan kisan manoman shinkafa na Zabarmari ran 28 ga Nuwamba, 2020, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya ya ce mutum 110 aka kashe, jaridun duniya suka ɗauka, daga baya ofishin ya janye adadin. Waɗanda aka yi wa jana'iza a rana ta farko su 43 ne. Ashe kuskure ba shi da gida ɗaya. Abin lura shi ne inda kuskuren kowa yake karkata: na mai mulki yakan gangara ƙasa, na mai adawa da mai neman agaji yakan hau sama. Mai sharhin da kullum kuskurensa gefe guda yake faɗuwa, ba mantuwa ke damunsa ba.

Sai mu zo ga babbar maganar, wadda masu kare soja suka fi dogara da ita, watau batun sirrin yaƙi. Wannan hujja ce ta gaske, kuma wanda ya yi watsi da ita baki ɗaya bai san yaƙi ba. Ran Lahadi 6 ga Janairu, 2019, jaridar Daily Trust ta buga labarin shirin da soja ke yi na ƙwato garin Baga, wanda ya faɗa hannun 'yan tawaye a ƙarshen Disambar 2018. A ranar soja suka mamaye ofisoshin jaridar a Maiduguri da Abuja, suka kama ma'aikata, suka kwashe kwamfutoci, suna cewa an tona asirin da zai jefa rayukan dakaru cikin haɗari. Da dare fadar Shugaban Ƙasa ta ba da umurnin su janye. A nan akwai abu biyu da mai sharhi na ƙwarai ba zai haɗa su a ƙwarya ɗaya ba. Ko jarida ta yi daidai da ta buga shirin harin da ba a kai ba tukuna, wannan tambaya ce mai nauyi, kuma soja suna da abin faɗa a kanta, gama abokin gaba ma yana karanta jarida, yana sauraron rediyo. Ko kuma daidai ne a aika da bindigogi ɗakin buga labarai alhali ga kotu ga Dokar Asirin Gwamnati ta 1962, wannan wata tambaya ce daban, amsarta kuwa ita ce a'a. Mafi yawan abin da aka ji a lokacin, kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ne ya bar ɗayan.

To, amma mene ne sirri? Sirrin yaƙi abu ne da ke gaba: ranar da za a fita, hanyar da za a bi, yawan dakaru, wurin da jirgi zai tashi, sunan wanda ya kawo rahoto daga daji. Duk wannan in ya shiga kunnen ɗan bindiga ya amfane shi. Abin da ya riga ya auku kuwa, wa ake ɓoye wa? Waɗanda suka shiga masallacin Unguwar Mantau sun san abin da hannunsu ya aikata. Iyalan mamatan su suka yi wanka, su suka haƙa kaburbura. Wanda kaɗai bai sani ba shi ne sauran jama'ar ƙasa, watau masu biyan haraji da masu jefa ƙuri'a, waɗanda sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa jaridu nauyin tsare musu amanar gwamnati. Saboda haka duk sa'ad da mai sharhi ya ambaci tsaron ƙasa, mai sauraro ya tsai da shi a zuci ya tambaya: wannan labarin da kake cewa kada a buga, wane abu zai koya wa ɗan bindiga wanda bai sani ba? In akwai amsa, to a ba shi gaskiyarsa. In babu, to abin da ake karewa kujerar wani ce ko kunyarsa, an dai ara mata sunan tsaro.

Dubi abin da ya faru a Metele, a arewacin Borno, ran 18 ga Nuwamba, 2018, inda aka auka wa sansanin wata bataliya. Kamfanonin dillancin labarai suka ce an kashe soja fiye da 40, waɗansu suka ce kusan 100. Sai bayan kwana 10 rundunar soja ta ba da nata adadin, ta ce 23. Zaɓen 2019 yana ƙaratowa, 'yan adawa suka rungumi adadi mafi girma, 'yan gwamnati suka ce jaridu na yi wa maƙiya aiki. A cikin kwanakin nan na shiru, matan soja a bariki da iyayensu a ƙauyuka ba su da abin kamawa sai hotunan da maharan da kansu suka watsa. Masu cewa labarin asara yana karya gwiwar soja, ba su cika tambayar abin da shiru yake yi wa gwiwar wanda ya binne abokinsa, ya kuma ji ba a ko ambaci sunansa ba.

Akwai kuma misalin da ya kamata masu sukar soja su riƙa tunawa, in da adalci suke nema. Ran 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na rundunar sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce an binne mutum 85. Kashegari rundunar ta amsa cewa aikinta ne, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar-Janar Taoreed Lagbaja, ya tafi ƙauyen da ƙafarsa ya ba da haƙuri, cikin watan Mayu na 2024 kuma Hedkwatar Tsaro ta ce za a gurfanar da mutum biyu gaban kotun soja. Ana iya cewa wannan bai isa ba, ana iya tambayar inda shari'ar ta kwana. Amma wanda ya ce soja ba su taɓa amsa laifi ba, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Wanda kuma ya ce amsa laifi zai rusa runduna, Tudun Biri ta ƙaryata shi, domin rundunar ba ta rushe ba.

Wani ma'aunin da ba ya bukatar ilmin yaƙi, sai dai tuna baya, shi ne a duba ko mudun mai magana yana sakewa in kujera ta sake. Cikin watan Yuni na 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, soja suka yi kwanaki suna tare motocin rarraba jaridu a hanyoyi, suna ƙwace kofen Leadership da Daily Trust da The Nation da waɗansu, bisa hujjar cewa ana iya ɓoye kayan ɓarna a cikin motocin. Jam'iyyar APC, wadda ke adawa a lokacin, ta yi tir da wannan da bakin kakakinta, Alhaji Lai Mohammed. Bayan shekara 8, cikin watan Yuli na 2022, shi dai Alhaji Lai Mohammed, yana Ministan Watsa Labarai, ya ce za a hukunta BBC da Trust TV saboda finafinan da suka yi kan 'yan bindigar arewa maso yamma, yana mai cewa sun ɗaukaka ta'addanci. A farkon Agusta Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa ta ci Trust TV tarar Naira miliyan 5, haka ma kamfanoni uku da suka nuna fim ɗin BBC. A ɗaya gefen kuma, da yawa cikin waɗanda suka kare ƙwace jaridu a 2014 su ne suka fi kowa kuka a 2022. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba a ce mutum ba shi da ikon sake ra'ayi ba. Yana da shi, muddin zai fito ya ce a da na ce kaza, yanzu na ga kaza, ga dalilina. Wanda ya sake ra'ayi ranar da aka rantsar da maigidansa, bai kuma ce uffan ba, ya riga ya gaya mana abin da yake bi. A watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa ita wannan hukuma ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara.

Tarihin zaman soja da 'yan jarida a ƙasar nan ma yana da abin da zai ƙara wa mai sauraro wayo. A 1973 aka aske wa Minere Amakiri, wakilin Nigerian Observer a Fatakwal, kai, aka tsala masa bulala 24, saboda labarin koke-koken malaman makaranta da ya fito ranar haihuwar Gwamnan soja na Jihar Ribas, Alfred Diete-Spiff. A 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda guda a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, wadda ta ba da ikon hukunta labari ko da gaskiya ne, muddin ya jawo wa jami'in gwamnati raini. Labarin nasu kuwa na naɗin jakadu ne. Babu bataliya a cikin ko ɗaya, babu taswirar yaƙi. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin gaskata cewa duk fushin da aka yi da jarida fushin tsaro ba ne.

A nan wani zai ce, ai jaridar da ke hannunsa ita ma ta gwamnati ce. Gaskiya ne, kuma ba mu nemi a cire mu daga awo ba. A bakin yaƙi aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo: ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, a lokacin da jita-jitar cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus ta cika kasuwanni, kuma Turawan mulki suna da bukatarsu a ciki. Abin da ya sa jama'a suka riƙe ta shi ne sun jarraba ta a kan abin da suka gani da idonsu. Haka ya kamata a yi wa kowace takarda, ta gwamnati ce ko ta ɗan kasuwa, gama shi ma ɗan kasuwa yana da uban gida.

Batun yi wa 'yan bindiga talla ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin akwai gaskiya a cikinsa. Ɗan bindiga yana son a san shi, suna yana ƙara masa kwarjini a daji, yana ƙara kuɗin fansa, kuma hirar da aka bar shi yana zuba ba tare da an tare shi da ayyukansa ba, kyauta ce aka yi masa. Editan da bai ji nauyin wannan ba bai cancanci kujerarsa ba. Amma ga abin da mutanen kudancin Katsina ba za su manta ba. Ado Aleru, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi magana a fim ɗin BBC, 'yan sandan Jihar Katsina sun sa ladan Naira miliyan 5 a kansa tun 2020, bayan kisan da aka yi a Kadisau ta ƙasar Faskari. Cikin watan Yuli na 2022, kwanaki kaɗan kafin fitowar fim ɗin, aka naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji ta Jihar Zamfara, da rana tsaka, gaban taro, har gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Kafin nan, Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe yaran Ƙanƙara, an karɓe shi a Gusau cikin Fabrairun 2021 a matsayin tubabbe, an ɗauki hotonsa, bayan 'yan watanni ya koma daji inda aka kashe shi. Mai sharhin da ya yi tsawa a kan kyamara, ya yi shiru a kan rawani, sai mu tambaye shi wanne ya fi ɗaukaka mutum a ƙasar Hausa. Sa'an nan a tambaye shi wata ƙaramar tambaya da takan kunyata da yawa: shin ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, ko ji ya yi an ce?

Masu cewa da jaridu da wayoyi za su yi shiru da soja sun gama aikinsu, su ma an taɓa gwada maganarsu a wannan yanki. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Malumfashi da Funtuwa da Bakori da Ƙanƙara, a kan niyyar raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, aka haɗa da rufe waɗansu kasuwannin dabbobi da hana sayar da fetur a jarka. Wajen ƙarshen shekarar aka soma mai da layukan. A watannin nan labarin hare-hare ya ragu a jaridu, amma dalili ɗaya a fili yake: wakilin da ke zaune a Katsina ko Kaduna ba shi da wanda zai kira, mutumin ƙauye kuma ba shi da yadda zai kira ɗauki sai ya hau babur ya nemi inda waya ke kamawa. Wanda ya ɗauki ƙarancin labari a wannan lokaci ya kafa hujja da shi cewa zaman lafiya ya samu, ya auna zurfin rijiya ne da igiyar da shi da kansa ya yanke. Shekara huɗu bayan haka aka shiga masallacin Unguwar Mantau.

Jaridun su ma ba su fita ba. Kaɗan ne ke da wakili mazaunin Malumfashi ko Funtuwa. Galibi daga babban birni ake buga waya, a sami mutum guda a kira shi majiya, wata jaridar ta kwafa daga wannan, ta uku ta kwafa daga ta biyu, har mai karatu ya zaci shaidu uku ya ji alhali baki ɗaya ne. Haka kuma sanarwar da ke cewa an hallaka 'yan bindiga masu yawa takan shiga shafi yadda ta zo, ba wanda ya tambayi a ina, su wane ne, wa ya ƙirga. Mai sharhin da ke kukan an rage yawan mamatan ƙauye, amma yana haɗiye yawan mamatan daji ba tauna, da wanda ke yin akasin haka, jirgi ɗaya ya kwaso su.

'Yan kwanaki bayan harin Unguwar Mantau gwamnatin jiha ta ba da sanarwar cewa mayaƙan sama sun kai farmaki a Dutsen Pauwa cikin ƙasar Ƙanƙara, mutum 76 da aka yi garkuwa da su sun kuɓuta, cikinsu har da waɗanda aka kwasa daga yankin Karfi, yaro guda kuma ya rasa ransa. Nan take masu yabo suka ce ga nasarar da jaridu ba sa son bugawa, ko da yake a jaridun suka karanta ta. Masu suka kuma suka ce shiri ne don a rufe bakin jama'a. Alhali wannan yana cikin labaran da suka fi sauƙin bin diddigi, domin mutum 76 ba aljanu ba ne. Kowannensu yana da gida, da mai unguwa, da limamin da ya san ranar da aka tafi da shi da ranar da ya dawo, kamar yadda limamin ya san sahu nawa aka jera gawa ran 19 ga Agusta. Waɗannan mutane suna nan a garuruwansu, tambayarsu ba ta bukatar izinin bariki, daga Malumfashi zuwa wurinsu kuma ba tafiyar yini ba ce.